Ƙidayar Mashigin Faru

Ga ta nan ta iso, ku gyara zama ku karɓe ta. Sai dai ku sani tun yanzu, ba irin wadda ake saurara a tashi a kaɗe riga ba ce. In na kai ƙarshe akwai shari'a a gabanku, kuma ba mai barin tabarmar nan sai ya faɗi nasa.

A bakin wani gulbi akwai gari ana ce da shi Tungar Marke. Abincin garin nan kaf a tsakiyar ruwa yake, a wani gungu, wato tsibiri, mai baƙar ƙasa inda suke noma shinkafa. Gulbin kuwa yana da wani mugun hali. Kafin ya iso garin sai ya ratsa wasu manyan tafkuna, su kuma ba sa barin ruwa ya wuce sai sun sha sun ƙoshi. Saboda haka ruwa na iya yin kwana uku yana hauhawa can sama, mutanen Tungar Marke na kallon bakin gulbinsu kwance lafiya lau. Ranar da tafkunan suka cika kuwa zuwa ɗaya yake yi, gungun ya ɓace kamar ba a taɓa halittarsa ba.

Tun kaka da kakanni dabarar ɗaya ce. Can sama, tafiyar yini guda a jirgi, akwai Mashigin Faru, inda aka gina matakalar dutse mai hawa ashirin daga kasuwa zuwa bakin ruwa. Ƙa'idar kowa ya haddace ta: in ruwa ya shanye hawa goma sha bakwai a Mashigin Faru, sa'a bakwai ta rage wa gungu. A da masu fito da fatake ke kawo labarin, Sarkin Ruwa Baba Nomau ya haɗa da abin da idonsa ya gani, sannan ya ce a ƙetara ko a dakata. To, idon Baba ya tsufa, fatake kuma sun koma bin mota.

Shugabar matan da ke yankan shinkafa a gungun ita ce Inna Tabawa, mace mai kafiya, wadda in ta ce a'a ko liman sai dai ya haƙura. 'Ya'yanta uku. Babban shi ne Sallau, falken busasshen kifi, wanda ya yi shekara bakwai yana saye a Mashigin Faru kafin ya dawo gida ya kafa wurin bandarsa. Sai Lantana, wadda ta yi karatun kwamfuta a birni, ta dawo tare da mijinta malamin makaranta, tana yi wa ƙungiyar manoman garin aiki. Sai auta Iro, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ke da jirgin fito mai inji, shi ke nan guda a garin. Kafiyar uwar kuwa ba wanda ya kwashe ta kamar Lantana.

Ita ce ta gano cewa wata ƙungiya a birni mai sa ido kan gulbin ta ɗauki mutum guda a kowane mashigi, yana aika mata tsayin ruwa ta waya sau uku a rana. Ƙungiyar ba ta yi rowar abin da ta tara ba. Ta buɗe wata kafa a intanet, ba don mutum ya shiga ya karanta ba, sai don na'ura ta tambayi 'yar'uwarta na'ura. Kamar tagar mai shago ce: ka miƙa tambaya, a miƙo maka amsa, cikin shagon kuwa ba ka gani. Da Lantana ta yi wa mutane wannan bayanin sai sunan ya bi abin, babba da yaro kowa Taga yake cewa.

A ofishin ƙungiyar manoma akwai manhajar haɗa rahoto, wadda sai an zauna an cusa mata bayani da hannu kafin ta fitar da takarda. Lantana ta ɗaura ɗamarar haɗa ta da Taga, don ta riƙa ɗebo lambobin da kanta. Mako uku ta yi tana fama. Ta nemi mabuɗin shiga, aka aiko mata. Manhajar ta ƙi mabuɗin, ta bi ta gyara. Amsa ta zo a cakuɗe, baka da waƙafi birjik, ta zauna ta nuna wa manhajar ɗaya bayan ɗaya: wannan sunan mashigi ne, wannan lokaci ne, wannan ita ce lambar. Sallau yakan leƙo ya ce, "Har yanzu akwatin naki bai koyi iyo ba?" Ita ko ɗago kai ba ta yi.

Abu biyu ta kafe a kansu, aka yi ta mita. Na ɗaya, ta sa manhajar ta riƙa tambayar Taga kowace sa'a, alhali takarda sau ɗaya ake bugawa da safe. Aka ce cin data ne kawai. Na biyu, ta bar wani layi a gefen fuskar kwamfutar mai nuna sunan wanda ya aiko lambar. Aka ce wa ya damu da suna, ai kullum Malam Safiyanu ne, ma'aikacin ƙungiyar birni a Mashigin Faru. Ta ce ta ji, amma ba ta cire ba.

Daga nan kowace safiya sai takarda ta fito: lambar jiya, lambar yau, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙe A ƘETARA ko A DAKATA. A karanta wa Baba Nomau, ya dangwala yatsa, a manna ɗaya a bangon mashigin gari, Iro ya kai ɗaya gungu, don can babu sabis ko ɗigo. Shekara biyu takardar nan ba ta taɓa saɓawa ba. Har ta kai mutum na iya ganin hadari ya haɗo baƙi ƙirin ya ce bari ya je ya ga me takarda ta ce. Lantana ta ji daɗin wannan yarda ƙwarai, kuma ita ce ta koya musu ita, don duk wanda ya zo mata da zancen "na ji an ce" sai ta nuna masa bango.

Kaka ta uku ta zo, shinkafa ta nuna, ta yi kyan da aka daɗe ba a gani ba. Ran Litinin lamba ta ce goma. Ran Talata takwas. Ran Laraba bakwai. Ruwa na janyewa ke nan, in ji manhaja, ta buga A ƘETARA. Iro ya yi ta jigila kwana biyu, don masu yanka a gungu suke kwana cikin bukkoki har a gama. Ran Alhamis da safe lamba ta ce biyar. A lokacin mutum tamanin da huɗu ke gungu, har da na goye, Inna Tabawa na gabansu da laujenta.

Da hantsi Lantana ta waiga kan kwamfuta ta ga huɗu, alhali ba lokacin aikowa ba ne. Ƙarfe goma sha ɗaya sai ga uku. 'Yan ofis suka hau murna, ita kuwa gabanta ya faɗi, don ruwa ba ya tsami banza. Gulbin da ta sani ba ya sauka hawa biyu a safiya ɗaya. Kuma wane ne zai bar aikinsa ya riƙa aiko saƙo akai-akai don kawai ya ce lafiya lau? Irin wannan gaggawa tsoro ke kawo ta. Sai a lokacin idonta ya kai kan layin nan na gefe, wanda ita da ta kafe a bar shi ta daina dubawa tun bara. Ba sunan Malam Safiyanu ba ne. Tun ran Talata ya koma Jatau Mai Fito.

Ta kira Malam Safiyanu, wayarsa a kashe. Ta kira ƙungiyar birni, aka amsa mata da ladabi cewa ya kai mahaifinsa asibiti ya bar wakili, su kuma abin da aka aiko shi suke miƙawa. Ba ta san Jatau ba, amma ta san wanda ya san kowa a Mashigin Faru. Ta suri kwamfutar ta fita, mayafi a hannu. Ta tarar da Sallau cikin hayaƙi yana juya kifi.

"Yaya, ka san wani Jatau Mai Fito?"

"Jatau? Ai a zaurensa na yi shekara bakwai. Me ya haɗa ki da shi?"

"Shi ke aiko lamba tun Talata. Yanzun nan ya aiko uku."

Sallau ya tsaya cak, kifi a hannu. "Uku me? Uku sun nutse, ko saura uku?"

"Taga lamba kawai take bayarwa, Yaya."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Lantana, masu fiton Faru ba sa ƙirga abin da gulbi ya ci. Cewa suke in ka ƙirga wa gulbi lomarsa sai ya ƙara. Abin da ya bari suke ƙirgawa, daga sama zuwa ƙasa. In Jatau ya ce uku, hawa uku suka rage a bushe."

Lantana ta cire uku daga ashirin. Goma sha bakwai. Takwas ɗin Talata sha biyu ce, bakwai ɗin Laraba sha uku, biyar ɗin safiyar nan sha biyar. Kwana uku bawan Allah yana ihu daga Mashigin Faru, manhajarta na mayar da ihun guɗa. Sallau ya lalubo lambar Jatau ya kira, aka ɗauka da ƙyar, murya na kokawa da ƙarar ruwa: "Sallau! Saura biyu! Tun safe nake aiko muku, ba kwa gani ne?"

"Bar akwatin nan mu je mashigi," in ji Sallau.

"A'a. Ka je ka tsayar da Iro, ina zuwa da takarda."

"Takarda kuma? Uwarmu na tsakiyar ruwa kina zancen takarda?"

"Takarda ce ta kai su, Yaya, baki ba zai dawo da su ba. Ni na koya musu haka."

Ta koma ofis da gudu. Ta zauna gaban kwamfuta. Ta kafa wa manhajar sharaɗi: duk lambar da ta zo da sunan Jatau, a cire ta daga ashirin. Ta sa ta sake ɗebo na mako guda daga Taga, nan take lambobin da ke gangarowa suka juya suna hawa. Ta goge A DAKATA da manhajar ta buga, ta sa A BAR GUNGU YANZU. Da takardar ta fito ta ƙara da alƙalami: "Takardar safe kuskure ce. Ni Lantana na yi kuskuren." Ba ta ɗora wa Jatau ba, ba ta ɗora wa Taga ba. Ta biya gidan Baba Nomau ta karanta masa a tsaye. Ya dangwala yatsa bai tambayi komai ba, ya ce, "Maza, 'yar nan. Allah ya fisshe ku."

A mashigi Iro ya riga ya juye wa inji duk man da ya mallaka. Da ya hango ta sai ya sunkuyar da kai. "Yaya Lantana, da asuba na ga kumfa da ɗanyun rassa suna wucewa. Raina bai kwanta ba, amma na ce takarda ta fi ni sani." Ta ce masa ba lokacin wannan ba ne. Abin a bayyane yake: jirgin mutum goma sha bakwai yake ɗauka, zuwa da dawowa sa'a guda ce, sawu biyar ke nan. Ƙananan kwale-kwalen garin duk suna can tafkuna wajen kamun kifi. Sallau ya tsaya a mashigi don tarbar mutane, Lantana ta shiga jirgi, ta zama ta tamanin da biyar.

Sun iso gungu rana na tsaka, sun tarar da aiki ya yi daɗi. Mata na yanka suna waƙa, maza na ɗaure dammuna. Lantana ta hau kan tarin dami ta karanta takardar da ƙarfi, har da layin da ta rubuta da hannunta. Guna-guni ya tashi. Wani dattijo ya ce, "Ta safe ta ce a ƙetara, ta rana ta ce a gudu. To mu jira ta yamma mana, wataƙila ta ce a zauna." Aka yi dariya. Ba abin da ya taɓa yi wa Lantana ciwo kamar dariyar nan, amma ba ta sauko ba. Ta ɗaga takardar ta nuna musu yatsan Baba Nomau, ta yi musu bayanin ƙidayar Jatau dalla-dalla. Laujuna suka sauka, masu goyo suka fara laluben 'ya'yansu. Sai dai ba wanda ya taka zuwa jirgi, kowa Inna Tabawa yake kallo.

Inna ta miƙe ta dafa ƙugu. "Lantana, dubi gulbin nan da idonki. Kwance yake. Kwana biyu ya rage mu gama. In bar abincin shekara a ƙasa don kin danna ba daidai ba? Wanda ya yi kuskure da safe, me zai hana shi yi da rana?"

"Inna, don girman Allah."

"Na gama magana." Ta sunkuya ta ci gaba da yanka.

Iro ya dubi rana, ya dubi ruwa, ya matso kusa da uwarsa ya durƙusa. "Inna, ki yafe mini." Kafin ta gane nufinsa ya zare laujen daga hannunta, ya sunkuce ta ya saɓa a kafaɗa, ya nufi jirgi. Mata suka ɗauki salati. Ita kuwa dukan bayansa take yi tana cewa, "Iro! Ni ka ɗauka? Ni da na goya ka? Sauke ni, mara kunya!" Bai sauke ta ba sai cikin jirgi. Sannan ya juyo, hawaye na bin fuskarsa, ya ce, "Jama'a, kun san ni, ko ido ba na haɗawa da ita. Kuna ganin zan yi wa uwata haka a kan wasa?"

Nan take wurin ya hargitse, kowa ya nufi jirgi, har sai da Lantana ta tsaya a bakinsa ta tare. Ta ce masu goyo da yara tukuna, sai tsofaffi, sai saura, kuma ko dami ɗaya ba zai shiga ba, don wurin dami wurin mutum ne. Wani ya lallaɓo da buhun shinkafa, ta karɓe da hannunta ta wurgar a tudu. Ta ce ita ce za ta fita a ƙarshe.

Sawu na ɗaya ya tafi, na biyu ya tafi, gulbi na nan kwance. Waɗanda suka rage suka sake guna-guni, har wasu suka koma yanka, suna jefa mata habaici. Ta toshe kunne ta ci gaba da jera mutane. A sawu na uku, bayan la'asar, ruwan ya canja launi ya koma ja, ya fara shigowa gonakin gangare ba sallama. A na huɗu ya kai ƙwauri a tsakiyar gungu, kuma ba a ƙara jin habaicin kowa ba.

Mutum goma sha bakwai suka rage, har da Lantana da dattijon nan mai ba'a da ya ƙi bin sawun tsofaffi, tsaye a kan tarin dami, ruwa na cin tarin daga ƙasa. Bukkoki suka fara tashi suna wucewa ta gabansu. Tsoro ya kama ta sosai, ta tuna 'yarta da ta bari a maƙwabta, amma ta ce kowa ya kama hannun na kusa da shi, kada wanda ya saki. Can suka hango jirgin Iro na kokawa da igiyar ruwa, yana matsowa da ƙyar. Ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ita ce ta ƙarshe kamar yadda ta ce. A tsakiyar gulbi inji ya yi tari ya mutu, mai ya ƙare. Iro ya ɗauki filafilin tuƙi, ya ɓalle katakan zama ya rarraba wa maza su taya shi. Bai yi gardama da ruwan ba, ya bar shi ya ja su yana karkatar da hancin jirgi kaɗan-kaɗan, har suka dafe gaɓa can ƙasa da gari. Sallau da jama'a sun biyo bakin gulbi da gudu, suka kama igiya.

Rana na shirin faɗuwa Lantana ta ƙirga mutane. Tamanin da huɗu. Ta sake ƙirgawa, tamanin da huɗu. Sai ta zauna cikin taɓo ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun hantsi. Da aka waiwaya babu gungu, sai jan ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa.

Shinkafa ta tafi, wadda aka yanka da wadda ba a yanka ba. An sha wuya a shekarar nan, an ci rogo har an gaji, amma ba a haƙa kabari ko ɗaya ba. Inna Tabawa ta yi kwana tara ba ta amsa gaisuwar Iro. Ran na goma ta aika masa da fura, ba ta haɗa da magana ba.

Bayan an natsu Baba Nomau ya tara gari a mashigi. Ya ce, "Na dangwala yatsa a takarda biyu rana ɗaya, ɗaya ta kai ku, ɗaya ta dawo da ku, kuma ban ga ko ɗaya da idona ba. Wanda ba ya gani bai kamata ya riƙe ran mutane ba. Daga baɗi maganar ƙetarawa da dakatawa za ta koma bakin ɗaya daga cikin 'ya'yan Tabawa." Wani ya ce a ba su su uku mana. Baba ya girgiza kai. "Su yi shawara su uku, wannan ba laifi. Amma ran da suka saɓa, wa za ku bi? Ruwa ba ya jiran a gama musu. Baki ɗaya nake so." Nan fa gari ya rabu uku.

Masu goyon Lantana suka ce da babu ita da Jatau ya yi ta aikowa har yatsansa ya gaji, ba wanda zai ji shi. Ita ta haɗa manhaja da Taga, ita ta kafe a tambaya kowace sa'a, ita ta bar layin suna. Ranar da kowa ke murna ita kaɗai ta tsorata. Ta rubuta laifinta da hannunta ta karanta shi a bainar jama'a, kuma ita ce ta ƙarshen barin gungu. Aka ce musu haka ne, amma ita ce ta karɓi lamba ba ta taɓa tambayar yadda ake ƙirga ta ba, ta bar layin suna kwana uku ba ta duba ba, kuma ita ta koya wa mutane su rufe ido su dubi bango.

Masu goyon Sallau suka ce tambaya ɗaya ya yi, amma ita ce ta buɗe komai. Da babu shi da Lantana ta yini da suna da shakka a hannu, har ruwa ya zo ya warware mata. Abin da ya sani bai zo ta Taga ba, kuma ba zai taɓa zuwa ba, shekara bakwai ya yi a zauren mutane kafin ya same shi. Wanda zai riƙe maganar gulbi dole ya san mutanen gulbi da halayensu. Aka ce musu haka ne, amma mako uku ƙanwarsa na fama, bai taɓa zama kusa da ita ya faɗa mata yadda masu fiton Faru ke ƙirge ba, sai zolaya. Kullum yana wuce takardar a bango bai taɓa tsayawa ya duba ba. Sai da aka kai masa abin har cikin hayaƙi.

Masu goyon Iro suka ce sani ba ya fito da mutum daga ruwa, jirgi ke fito da shi. An karanta takarda, an yi bayani, ba wanda ya motsa sai da ya ɗauki fushin uwarsa a kafaɗa, abin da yayyensa biyu ba za su iya ba. Sawu biyar ya yi, na ƙarshe ba inji. Kuma cikin su ukun shi kaɗai ke taɓa ruwan nan da hannunsa kowace asuba. Aka ce musu haka ne, amma shi kaɗai ya ga kumfa da ɗanyun rassa da idonsa, ransa ya ba shi, ya yi shiru, ya ma kai musu takardar safen da hannunsa.

Kada wani cikinku ya kawo mini zancen Jatau, na ga bakin wasu na motsi. Jatau ba ɗan garin ba ne, an aika masa da goro da godiya, nasa ya ƙare a nan.

Aka tambayi Inna Tabawa, ta ce, "Ni ku bar ni. Ciki ɗaya suka fito, kuma kowannensu ya ɓata mini rai ranar nan. Ba na zaɓe."

Lantana dai ba ta ɓoye ba, tana son a ba ta. Tun a makon ta gyara manhajar yadda in sunan mai aikowa ya canja ba za ta buga komai ba sai mutum ya kira ya ji daga bakinsa. Tana ganin wanda ya ɗanɗani ɗacin kuskure ya fi kowa taka-tsantsan. Amma duk sanda ta dubi Sallau sai ta tuna ba ta san wace al'ada ce kuma ke ɓoye a mashigin gaba ba, in ta dubi Iro kuwa sai ta tuna ta yi magana a gungu ba wanda ya taka. Baba Nomau na nan yana jira, ruwa ya janye, an fara gyaran iri, kuma dole a sake ƙetarawa, don ba wani abincin sai na gungu.

To, ga shi gabanku. Ku ɗauka baɗi uwarku ce za ta shiga jirgin nan da laujenta. A bakin wa za ku sa maganar: Lantana, Sallau, ko Iro?